Yadda Ake Gane Likita Mai Amana: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum yakan tuɓe wa likita rigar da ba zai tuɓe a gaban ɗan'uwansa ba, ya faɗa masa abin da ya ɓoye wa iyalinsa, ya haɗiye abin da ya rubuta masa ba tare da ya san me ke ciki ba. Wani lokaci har ya yarda a sa shi barci a yanka jikinsa. Da wuya a sami wata sana'a da ake damƙa wa mai ita amana irin wannan. Duk da haka da yawanmu ba ma tsayawa mu zaɓa, wanda muka tarar shi ne likitanmu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin marasa lafiya da masu jinyarsu.

Me ake nufi da likita mai amana? Ba ƙwarewa ce ake nema ba?

Ƙwarewa dole ce, amma ita kaɗai ba ta wadatar. Ƙwararre zai iya yi maka aikin da ba ka buƙata, kuma ya yi shi da kyau. Mai kirki da bai san aiki ba zai iya cutar da kai da zuciya ɗaya. Wanda kake nema shi ne wanda ya haɗa abu uku: ya san aikinsa, ya san inda saninsa ya tsaya, kuma idan amfaninka da nasa suka ci karo, naka yake zaɓa.

Na farkon takarda ke nuna shi. Sauran biyun sai ka zauna a gabansa ka lura. Hanya mafi sauƙi da na sani ta gane su ita ce ka yi masa tambaya, ka ga yadda zai karɓe ta.

Ta ina zan fara bincike?

Daga lasisi. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke yi wa likitoci rajista, ta ba su izinin aiki, ta kuma ƙwace shi idan sun saɓa. A Birtaniya ita ce GMC, wadda aka kafa a 1858. A Najeriya akwai MDCN, Gana ma tana da majalisar likitocinta, a Amurka kuma kowace jiha da tata hukumar. Wasu daga cikinsu sun sa sunayen masu rajista a intanet, wasu sai ka rubuta musu ko ka je ofishinsu.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. A shekarar 931 wani mara lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya umarci babban likitansa, Sinan ɗan Sabit, ya jarraba duk masu yi wa mutane magani a birnin, wanda bai ci jarrabawar ba a hana shi taɓa kowa. Dalilin da ya sa aka yi haka a wancan lokaci shi ne dalilin yau: mara lafiya ba shi da hanyar auna ilimin wanda ke gabansa, don haka dole wani ya auna masa.

Ka kuma sani farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya ba shaida ba ne. A asibiti akwai nas, da mai haɗa magunguna, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da ɗalibai, kowa da aikinsa mai daraja, amma mutane kan kira su duka "likita". Ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, ya sunanka, kuma mene ne aikinka a nan?" Ma'aikacin kirki zai amsa nan take. Wanda ya fusata saboda wannan tambaya ya riga ya gaya maka wani abu game da kansa.

Na ji likitoci na yin rantsuwa. Tana hana su cuta?

Ba ta hanawa, amma tana ba ka ma'aunin da za ka riƙe su da shi. Tsohuwar rantsuwar ana danganta ta da Hippocrates, likitan ƙasar Girka da ya rayu ƙarni huɗu zuwa biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Wadda makarantu da yawa ke amfani da ita yanzu ita ce sanarwar Janeba, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1948. Ta fito ne bayan an gurfanar da likitocin gwamnatin Nazi ta Jamus a birnin Nuremberg saboda gwaje-gwajen da suka yi a jikin fursunoni. A gyaran da aka yi mata a 2017 an ƙara cewa likita zai mutunta 'yancin mara lafiya na yanke shawara a kan jikinsa.

Amma ka dubi abin da ya faru a Tuskegee, jihar Alabama ta Amurka. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta riƙa bin diddigin baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere don ta ga yadda cutar ke cin jiki, ba a gaya musu gaskiyar abin da ke damunsu ba. Ko bayan da fenisilin ya zama sanannen maganin cutar a shekarun 1940, aka bar su haka. Waɗanda suka yi wannan aiki likitoci ne masu takardu. Shi ya sa dokokin yau suka nace a kan yi wa mara lafiya bayani da neman yardarsa, ba su tsaya ga kyakkyawan zato ba.

Kowa na yabon wani likita, yana da fara'a da haba-haba. Wannan bai isa ba?

Yabon mutane wuri ne mai kyau na farawa, musamman idan ya fito daga bakin wanda ya daɗe yana zuwa wurinsa, ko daga nas da ta yi aiki tare da shi. Ma'aikatan jinya sun fi kowa sanin likitan da ke zuwa idan an kira shi da tsakar dare, da wanda marasa lafiyarsa ke yawan dawowa da matsala.

Sai dai fara'a ba hujja ba ce. Harold Shipman likitan iyali ne a garin Hyde kusa da Manchester, kuma marasa lafiyarsa sun so shi ƙwarai, don yana sauraronsu, yana bin tsofaffi har gida ya duba su. A shekarar 2000 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15 daga cikinsu, binciken gwamnati da ya biyo baya kuma ya gano waɗanda ya kashe sun haura 200. Ban kawo wannan don in sa ka ji tsoron likita mai sakin fuska ba, irin Shipman ba kasafai ake samu ba. Na kawo shi ne don idan ka je neman shawara ka san abin da za ka tambaya. "Yana da kirki?" tambaya ce mai sauƙin amsa. Ka tambaya: yana bayani? Ya taɓa tura ka wurin wani likita? Ya taɓa ce maka ba ka buƙatar magani? Idan abu ya rikice, ana samunsa?

A zuwan farko, me zan lura da shi?

Farko, sauraro. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi hirar likitoci da marasa lafiya, a rahoton da suka fitar a 1984 suka nuna cewa a matsakaici bayan daƙiƙa 18 likita ke katse mai bayani. Illar wannan ba ɓacin rai ba ne kawai. Mutum ba kullum yake fara da abin da ya fi damunsa ba. Sau da yawa yakan fara da ciwon kai, alhali jinin da yake gani a bayan gida ne ya kawo shi, kunya ta sa ya ajiye shi sai ƙarshe. Idan aka katse shi, maganar ta tafi ke nan.

Na biyu, irin tambayoyin da yake yi. Likita mai kula zai so ya san yaushe abin ya fara, wane magani kake sha, har da na gargajiya da wanda ka saya da kanka, ko wani magani ya taɓa tayar maka da ƙaiƙayi ko kumburi, da cututtukan da ke cikin danginku. Mace kuma zai tambaye ta ko tana da ciki ko tana shayarwa kafin ya rubuta komai. Wanda ya ɗauki biro kafin ka gama jimla ta biyu, cuta yake yi wa magani a kansa, ba kai ba.

Sannan ya duba ka da hannunsa idan ciwon na buƙatar haka, ya wanke hannu kafin ya taɓa ka, ya rubuta abin da ya gani a fayil. Kafin ka tashi ya kamata ka iya amsa abu huɗu: me yake zaton yana damuna, me za a yi, yaushe zan sa ran sauƙi, kuma wace alama ce idan na gani in dawo da gaggawa. Idan ka fito ba ka san ko ɗaya ba, an duba ka amma ba a gama aikin ba.

Wata aba da ya kamata a yi wa likitoci adalci a kanta: wanda ke da layin mutum ɗari a ƙofa ba zai ba ka rabin awa ba. Gajeren lokaci ba laifinsa ba ne. Amma ko cikin minti biyar ana gane wanda ya dube ka da wanda ya sallame ka.

Likita ya ce mini bai tabbata ba, zai tura ni wurin wani. Alamar bai iya aiki ba ce?

A'a. A ganina wannan na cikin manyan alamun amana. Ilimin likitanci ya yi faɗin da babu mutum ɗaya da ya tattara shi, shi ya sa ake da likitan zuciya, na ƙoda, na mata, na yara, na ƙwaƙwalwa, na ƙashi, kowanne ya ƙara shekaru yana koyon fanninsa bayan digiri. Wanda ya tura ka gaba ya haƙura da kuɗin da zai samu a kanka, ya kuma yarda ka ga iyakarsa. Ba kowa ke iya wannan ba.

Wanda za ka guda shi ne mai maganin komai, wanda bai taɓa rasa amsa ba, wanda ke ɗaukar alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari. Ciwon suga da hawan jini, alal misali, cututtuka ne da ake rayuwa da su ana sarrafa su. Duk wanda ya ce ka jefar da magungunanka zai raba ka da su cikin wata guda, ka tashi daga gabansa.

Na je da mura da zazzaɓi, bai yi mini allura ba, bai ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Ya raina ciwona ne?

Mai yiwuwa ya yi maka abin da ya fi wuya. Mura da mafi yawan ciwon maƙogwaro bairos ke kawo su, magungunan da ake kira antibayotik kuwa bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos. Shan su ba bisa buƙata ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure musu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta daɗe tana cewa fiye da rabin magunguna ana rubuta su, ko ana ba da su, ko ana sayar da su ba yadda ya dace ba.

Allura da ƙarin ruwa suna da wurinsu, ga wanda ba ya iya haɗiya, ko mai amai ba tsayawa, ko wanda ciwonsa ya yi tsanani. Ga sauran mutane ƙwaya tana aiki daidai, kuma ba ta zuwa da haɗarin ƙurji ko kamuwa da wata cuta ta hanyar allura mara tsabta. Rubuta doguwar takarda don mara lafiya ya ji an kula da shi ya fi sauƙi. Tsayawa a yi masa bayanin dalilin da ba ya buƙatarta shi ne ke cin lokaci da haƙuri.

Yaya zan gane kuɗina ake nema ba lafiyata ba?

Likita ma'aikaci ne, yana da iyali, kuma karɓar haƙƙin aikinsa ba abin kunya ba ne. Matsalar tana farawa ne inda abin da zai samu ya dogara da abin da ya ce ka yi, kai kuma ba ka sani ba. Shi ya ce a yi gwajin, shi ke da ɗakin gwajin. Shi ya rubuta maganin, shi ke sayar da shi. Ko kuma yana karɓar kamasho daga wurin da yake tura mutane ɗaukar hoto. Wannan bai nuna lallai yana cutar ka ba, amma haƙƙinka ne ka sani, kuma haƙƙinka ne ka kai takardarka wani wuri.

Abin yana kaiwa sama sosai. A 1998 wani likita a Birtaniya, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a kan yara 12 da ya jefa shakku a kan rigakafin ƙyanda da ake haɗawa da wasu biyu. Daga baya aka gano yana karɓar kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin kai ƙarar kamfanonin rigakafin, bai bayyana ba. A 2010 aka janye rahoton, aka soke sunansa daga rajistar likitoci, amma tsoron da ya shuka har yau yana hana iyaye kai 'ya'yansu rigakafi. A Amurka kuma kamfanin Purdue, mai yin maganin kashe zafi OxyContin, ya amsa laifi a 2020, har da na biyan likitoci don su ƙara rubuta maganinsa. Ƙasar tana da shafin gwamnati tun 2014 da kowa zai iya shiga ya ga abin da kamfanonin magani suka ba wani likita. Ƙasashe da yawa ba su da irinsa, don haka tambaya ce makaminka.

Ga tambayoyin da ke tona asiri ba tare da an zargi kowa ba: "Likita, wannan gwajin me zai nuna, kuma sakamakonsa zai canza maganin da za a ba ni?" "Akwai irin wannan maganin mai rahusa da ke aiki iri ɗaya?" "Idan na jira sati guda me zai faru?" "Zan iya yin gwajin a wani wuri?" Mai gaskiya yana da amsar kowacce. Wanda ya koma tsoratarwa, ko ya ce sai a wurinsa kaɗai ake samun maganin, ko ya ba ka ƙwayoyi a leda babu suna ya ƙi faɗin ko mene ne, ka yi hattara da shi. Kada ka taɓa shan maganin da aka ƙi gaya maka sunansa. Idan ya ba ka matsala, likita na gaba ba zai san ta inda zai fara ba.

An ce sai an yi mini tiyata. Zan iya neman ra'ayin wani likita? Ba zai ji haushi ba?

Za ka iya, kuma idan ba gaggawa ba ce ina ba ka shawarar ka yi. Likitocin kirki sun saba da wannan, wasu ma su ne za su ba ka sunan wanda za ka gani, su haɗa maka sakamakon gwaje-gwajenka. Ian Paterson likitan fiɗa ne a Ingila da aka ɗaure a 2017 saboda ya yi wa mutane, akasarinsu mata, aikin nono da ba sa buƙata, bayan ya tsorata su da maganar ciwon daji. An fara yanke masa shekara 15, aka ƙara zuwa 20. Mutanen sun yarda da shi ne saboda shi ne ƙwararren.

Takardar da ake ba ka ka sa hannu kafin aiki ba ita ce yardar ba, shaidarta ce kawai. Yardar ita ce hirar da ta gabace ta: me za a yi, don me, wane haɗari ke ciki, wace hanya ce ban da wannan, me zai faru idan ba a yi komai ba. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa dole likita ya faɗi duk haɗarin da mai hankali a matsayin mara lafiyar zai ɗauka da muhimmanci, ba wanda shi likitan ya ga dama kaɗai ba. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma wannan ma'auni ne mai kyau a ko'ina. Ka kuma tambaye shi sau nawa yake yin irin wannan aikin, da wanda zai riƙe wuƙar a ranar, shi ne ko wani.

Gaggawa daban ce. Mai zubar jini, ko mai naƙudar da ta tsaya, ko wanda hanjinsa ya fashe, ba shi da lokacin yawo tsakanin asibitoci.

Sirrina fa? Zai iya faɗa wa mijina, ko iyayena, ko wurin aikina?

Idan kai baligi ne mai hankali, ba tare da izininka ba bai kamata ya faɗa wa kowa ba, ko da wanda ya biya kuɗin ne. Akwai 'yan wuraren da doka ke ba da dama: cututtukan annoba irin kwalara da dole a sanar da hukumar lafiya, umarnin kotu, ko inda ran wani ke cikin haɗari sosai. Ko a nan ma likita mai ɗa'a yakan fara gaya maka, ya kuma faɗi iya abin da ya wajaba.

Ka lura da yadda yake yi da sirrin wasu. Wanda ya ba ka labarin ciwon maƙwabcinka, ko yake sa hotunan marasa lafiya a Facebook ba da yardarsu ba, naka ma zai fita.

Ni mace ce. Ina da ikon neman mace ta duba ni, ko wani ya tsaya a ɗakin?

Kina da ikon nema, haka namiji ma. Ba kullum ake samun likita mace ba, amma 'yar rakiya, nas ko wata da kika yarda da ita, bai kamata a hana ki ba. Kafin ya duba wurin da ya shafi tsiraici, dole ya faɗi abin da zai yi da dalilinsa, ya jira ki amince, ya sa safar hannu, ya rufe inda ba ya dubawa. Kina iya cewa ya tsaya a kowane lokaci.

'Yar rakiyar kuma ta tsaya inda take ganin abin da ake yi. Larry Nassar, likitan 'yan wasan motsa jiki na Amurka da aka yanke wa hukunci a 2018 bayan mata fiye da 150 sun yi bayani a kotu, ya ci zarafin wasu 'yan mata iyayensu na cikin ɗakin, yana kare ganinsu da jikinsa, yana kiran abin magani. Idan wani abu ya ba ki tsoro, ko ya fara zancen da ba na ciwo ba, ko kiran waya da dare, ko neman ganawa a waje, laifin ba naki ba ne, kuma abin kai ƙara ne.

Likitocin da ke bayani a kafofin sada zumunta fa?

Akwai nagari a cikinsu, suna wayar da kai sosai. Ka duba ko yana amfani da cikakken sunansa da za a iya nema a rajista, da kuma ko kowane bayaninsa yana ƙarewa ne da tallan wani abu da yake sayarwa. Yawan mabiya yana nuna iya magana ne kawai. Wanda zai rubuta maka magani mai ƙarfi daga saƙo guda, bai tambaye ka komai ba, bai ga sakamakon gwaji ba, ba ya tsoron abin da zai same ka.

Dattijo ya fi ko matashi? Asibitin gwamnati ko na kuɗi?

Babu ɗaya da ke tabbatar da komai. Dattijo ya ga abubuwa da yawa, matashi bai daɗe da karanta sabon ilimi ba. Wanda ke ci gaba da karatu kuma yake shawara da abokan aikinsa shi ne abin nema. Kyan gini kuma ba ya duba mara lafiya.

Idan likita ya yi kuskure, shi ke nan ba shi da amana?

Babu likitan da zai yi shekaru yana aiki bai yi kuskure ba, kuma ba kowane mummunan sakamako ne kuskure ba. Wani lokaci an yi komai daidai, cuta ce ta fi ƙarfi. Abin da ke raba mai amana da marar ita shi ne abin da ya biyo baya. Ɗaya zai zo da kansa ya ce ga abin da ya faru, ya ba da haƙuri, ya faɗi yadda za a gyara. Ɗayan zai ɓace, ko ya ɗora wa nas, ko ya ce kai ne ba ka bi umarni ba, ko fayil ya ɓata. A Ingila tun 2014 doka ta wajabta wa asibitocin gwamnati su sanar da mara lafiya idan an cutar da shi a wurin jinya. Yarda da ƙaddara ba ta hana iyali tambayar abin da ya faru, kuma amsar da za su samu na iya ceton wanda zai kwanta a gadon nan gobe.

Inda nake likita ɗaya ne. Wane zaɓi nake da shi?

Gaskiya ne, miliyoyin mutane ba su da zaɓi, kuma ba zan yi kamar suna da shi ba. Amma ko likita ɗaya ne, akwai abin da ke hannunka. Ka rubuta tambayoyinka kafin ka shiga, ka fara da wadda ta fi damunka. Ka je da wani ya saurara tare da kai, don mai ciwo yakan manta rabin abin da aka faɗa masa. Ka maimaita wa likita abin da ka fahimta ya gyara maka. Ka ajiye kwalayen magungunanka da kwafin kowane sakamako, ko hotonsu a waya. Mai haɗa magunguna mai lasisi ido ne na biyu, yakan gano idan magunguna biyu ba sa haɗuwa ko awon ya yi yawa.

Kai ma akwai naka nauyin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: ka faɗi taba ko giya ko ƙwayar da kake sha, da maganin da ka daina ba ka gaya masa ba, da wurin da ka fara zuwa kafin ka zo. Likitan da aka ɓoye wa rabin labari zai yi kuskure komai ƙwarewarsa.

Na yanke shawarar barin likitana. Yaya zan yi, kuma ina zan kai ƙorafi?

Ba sai ka yi faɗa ba, ba kuma dole ne ka ba da dalili ba. Ka sami sabon likita tukuna, ka nemi taƙaitaccen bayanin jinyarka da sakamakon gwaje-gwaje, waɗanda a ƙasashe da yawa doka ta ba ka ikon karɓa. Kada ka yanke magani da kanka a tsakani. Na hawan jini, na farfaɗiya, na suga, na tarin fuka, na ƙanjamau da na taɓin hankali, tsayar da su farat ɗaya yana da haɗari.

Idan abin ya wuce rashin jituwa, ya kai ga sakaci ko zamba ko cin zarafi, ka rubuta abin da ya faru tun kana tune da shi: rana, lokaci, sunayen waɗanda ke wurin, abin da aka ce. Ka adana rasit da takardun magani. Ka fara da shugaban asibitin ko ofishin karɓar ƙorafi, a rubuce, ka riƙe kwafi. Idan ba a yi komai ba, ka wuce hukumar da ta ba shi lasisi, ita ke da ikon yi masa gargaɗi, ko dakatar da shi, ko soke sunansa. Cin zarafi da yin aikin likita ba lasisi laifuka ne da ake kai wa 'yan sanda kai tsaye. Idan kuma diyya kake nema, ka ga lauya da wuri, domin a ƙasashe da yawa akwai wa'adin da idan ya wuce kotu ba ta karɓar irin wannan ƙara.